Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Gwamnan Gombe: A Raya Bakin Ruwan Daɗin Kowa, Amma a Fara da Masunta

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Gombe,
Alhaji Muhammadu Inuwa Yahaya,
Gidan Gwamnati, Gombe.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na ɗauki alƙalami ne a kan bakin ruwan Daɗin Kowa. Roƙona shi ne gwamnati ta ware wani yanki na gaɓar tafkin nan ta tsara shi tsari ɗaya: mashigin jiragen masunta, kasuwar kifi, wurin banda, inuwar da iyali za su zauna su sha iska, masauki, da gidan kallon kifi inda yaranmu za su ga abin da ke cikin kogunansu. Na jero su ne a yadda nake fata a gina su. Idan aka juya jerin, aka fara daga otal aka ƙare da masunta, to ni da na kawo shawarar ni ne zan fara cewa a bari.

Ba sai na gaya maka darajar wannan ruwa ba. Tun shekarun 1980 da Gwamnatin Tarayya ta datse kogin Gongola a nan, ƙasa da kilomita 40 gabas da birnin Gombe, jihar nan take cin moriyarsa ta fuskoki da dama. Daga nan ake jan ruwan da Gombe ke sha. Tashar lantarki mai ƙarfin megawat 40, wadda aka yi shekara da shekaru ana jira, ta fara aiki. Manoman rani suna samun ruwa, Kwalejin Tarayya ta Noman Lambu tana nan a garin, ga kuma filin masana'antu na Muhammadu Buhari mai faɗin hekta 1,000 da gwamnatinka ta kafa a kusa. Duk waɗannan ɗibar ruwan suke yi su tafi da shi wani wuri. Gaɓar kanta, inda ruwa da jama'a suke haɗuwa kullum safiya, har yanzu ba a yi mata wani tsari ba.

Alhali mutane suna son wurin. Ranar yawon Sallah motoci cike suke zuwa daga Gombe, makarantu suna kawo ɗalibai, matasa suna zuwa ɗaukar hoto. Mutum zai zo da matarsa da 'ya'yansa, su tsaya cikin rana su kalli ruwa, yaro ya ce yana jin fitsari, uwa ta duba hagu ta duba dama, sai a koma mota. Kuɗin da suka fito da shi don kashewa yakan koma gida a aljihunsu. Wanda ya fi ƙarfi kuwa sai ya ɗauki iyalinsa ya wuce Yankari a Jihar Bauchi, ya yi wanka a Wikki, ya kwana, ya bar kuɗinsa can.

To amma kafin a yi maganar baƙi, a yi maganar masu gida. Gaɓar nan ba kango ba ce. Tun kafin assalatu masunci yake tura jirginsa ya je ɗaga kalli ko duba mamarin da ya kafa jiya da yamma. Kafin hantsi ya dawo, dillalai na jiransa, mata na jira da kwanuka, yara na jiran aikin fiɗa da wanki. Akwai mai saƙa da ɗinkin koma, akwai kafintan jirgi, akwai mai sayar da itacen banda, akwai mai shayi da mai ƙosai da suke rayuwa da cinikin wannan safiya. Makiyayi yana gangaro da shanunsa mashaya ta hanyar da ubansa ya bi. Idan ruwa ya ja baya da rani, manomi yana bin danshin yana shuka. Terawa ne, Fulani ne, Hausawa ne, Bolawa ne, da waɗanda kamun kifi ya kawo su daga nesa suka zauna suka haihu a nan. Mafi yawansu ba su da takardar fili ko ɗaya, domin ba wanda ya taɓa tambayarsu ita.

Babbar asarar masunci tana faruwa ne bayan ya fito daga ruwa. Ɗanyen kifi ba ya jira, balle a watan Maris da Afrilu da zafin Gombe kan kai maki 40. Wanda ba shi da ƙanƙara ba shi da bakin ciniki: abin da dillali ya taya shi zai sallama, domin in ya ja zuwa azahar kifin ya sake, ko rabin kuɗin ba zai gani ba. Abin da bai shiga ba sai banda, mata su wuni cikin hayaƙi idanu na zubar da hawaye, ana ƙona itacen da shirin dashen bishiyoyi na jihar nan yake fama ya mayar. Kuma sananne ne a kasuwannin kifi na ƙasar nan cewa wasu kan yayyafa wa busasshen kifi maganin ƙwari don kada ya yi tsutsa, mu kuma mu saya mu sa a miya. Ga lantarki ana samarwa a 'yan kilomitoci kaɗan. Injin ƙanƙara ɗaya, ɗakin sanyi ɗaya, dakalin siminti mai famfo da magudana inda za a fiɗe kifi, da murhun banda na zamani irin waɗanda cibiyoyin bincike na ƙasar nan suka daɗe da ƙerawa, za su canza rayuwar gidaje masu yawa tun kafin baƙo na farko ya sayi tikiti. Shi ya sa na sa su a gaba.

Tsorona yana da dalili, ranka ya daɗe. A ƙasar nan, idan aka ce za a ƙawata bakin ruwa, talakan da ke zaune a wurin yakan fara ɗaure kayansa. A 1990 gwamnatin soja ta Legas ta rushe Maroko, dubun dubatar mutane suka kwana a titi, yau filin yana cikin mafi tsada a Nijeriya. Tsakanin 2016 da 2017 aka sake yin haka a Otodo Gbame, ƙauyen masunta a yankin Lekki, har wasu suka koma kwana cikin jiragensu a kan ruwa. Akwai kuma ɗaya hanyar faɗuwar, wato a gina ƙaton abu babu mutane a ciki. Tinapa da aka buɗe a bakin kogin Kalaba a 2007 an kashe mata maƙudan kuɗi, da manyan rumfunan ciniki da otal da wurin wasan ruwa, amma ba a ɗauki lokaci ba rumfunan suka zama wayam, bashi ya danne aikin. An gina ta ne don masu sayayya da ake fata za su zo daga nesa, ba a ɗora ta a kan wata sana'a da ke gudana a wurin ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Misalin da ya fi kama hankalina shi ne na birnin Kef Tawun a Afirka ta Kudu. Tun daga 1988 suka fara gyara tsohuwar tashar jiragen ruwansu, suka zuba kantuna da gidajen abinci da masaukai, a 1995 suka buɗe gidan kallon kifi. Amma ba su kori jiragen kamun kifi da masu gyaran jirgi ba, tashar ta ci gaba da aikinta, kuma ganin wannan aiki yana cikin abin da ke kawo baƙi. Ba na cewa Daɗin Kowa za ta zama Kef Tawun. Su teku gare su, da masu yawon buɗe ido daga ko'ina a duniya. Darasin kawai nake so mu ɗauka. Mutumin Gombe da ya taso da iyalinsa zai fi jin daɗin ya ga jirage na shigowa, ya zaɓi karfasarsa tana motsi, a gasa masa ita da yaji a gabansa, fiye da ya zauna a wani ɗaki mai sanyi irin wanda ya baro a gari.

Yanzu bari in zo kan gidan kallon kifi, domin shi ne abin da ya fi kwanta mini a rai, kuma shi ne wanda na san wasu za su ce almubazzaranci ne a jihar da ke da sauran ƙauyuka marasa rijiya.

Ka tara yaran firamare a Gombe ka ce su lissafa kifi. Za su ce tarwaɗa, su ce karfasa, sai kuma kifin kwali da ake shigowa da shi a daskare daga teku. Nan lissafin yake tsayawa. Amma tsohon masunci zai yi ta jero maka har ka gaji: giwan ruwa, ragon ruwa, kurungu, yauni, bargi, tsage, kawara, faliya, ramboshi, gartsa, gaiwa, minjirya, talibambam. Kowanne da halinsa, kuma halayen nan sun ishi malamin kimiyya darasin zango guda. Gaiwa tana da huhu; idan ruwa ya ƙafe sai ta shige laka ta lulluɓe kanta da yauƙi ta kwanta har damina ta dawo, shi ya sa manomi kan tono ta a busasshiyar fadama. Minjirya jikinta na samar da lantarkin da ke girgiza babban mutum. Yauni yana tafiya gaba da baya da kaɗa doguwar ƙayar bayansa, yana gane hanya cikin duhun ruwa da ɗan siririn lantarkin da yake fitarwa, kuma yana yi wa ƙwayayensa sheƙa da ciyawa a saman ruwa. Uwar karfasa a baki take goyon ƙwayayenta har su ƙyanƙyashe, in 'ya'yan suka ga haɗari su ruga su koma ciki. Akwai kurungun da ke iyo a rigingine. Talibambam kuwa in an taɓa shi sai ya kumbura ya zama ƙwallo. Giwan ruwa kan girma ya haura kilo 100. Yaron da ya tsaya gaban gilashi ya ga waɗannan da idonsa, an rubuta sunansu da Hausa da Fulatanci da Teranci da Turanci, zai san kogin Gongola gida ne na halittun Allah masu ban mamaki, kuma da wuya ya girma ya zuba masa guba.

Akwai gaggawa a cikin wannan. Masunta da kansu suna faɗa cewa manyan kifaye sun yi wuya, wasu nau'o'in sai a daɗe ba a gani ba. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: koma mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi, har da gidan sauro da wasu ke ja a ruwa, kamun kifi a lokacin da yake ƙwai, zuba magani a ruwa, da yashi da laka da zaizayar ƙasa ke turowa cikin tafki kowace damina. Idan aka haɗa gidan kallon kifin da wurin ƙyanƙyasa, zai riƙa samar da 'ya'yan kifi ga masu kiwo a kududdufi da kuma mayarwa cikin tafki. Ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe da na Jami'ar Tarayya ta Kashere za su sami wurin bincike a kusa da gida, kuma Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa tana da masanan da za a nemi shawararsu. Ina kuma roƙon a ɗauki tsofaffin masunta aiki a matsayin masu yi wa baƙi bayani, a biya su albashi. Abin da ke kansu babu shi a littafi, kuma suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai a yi hattara da ɗan kwangilar da zai zo da hotunan kifayen teku masu launi-launi, ya ce za a kawo su daga waje. Kifin teku yana bukatar ruwan gishirin da za a haɗa da hannu, da na'urar daidaita sanyi, da abinci da magani na kuɗin waje, kuma ranar da ya mutu sai an sake sayowa da dala. Namu kuwa sun saba da zafinmu da ruwanmu, wanda ya mutu masunci zai kawo madadinsa da safe. Ko da namun ma, gidan kifi ba irin ginin da za a yanke ƙyalle a kulle a tafi ba ne. Kashin kifi yana gurɓata ruwan da yake ciki, dole famfo ya riƙa zagaya ruwan ta matata dare da rana, dole a riƙa hura masa iska. In wuta ta ɗauke na wasu awoyi cikin zafi, da safe gawa za a kwashe. Saboda haka layin wuta na musamman, da na'urar hasken rana mai batir, da janareto na ko-ta-kwana suna cikin tubalin ginin. Ruwan Gongola da damina jawur yake da laka, sai an kwantar da shi an tace kafin ya shiga tanki. Sannan a horar da ma'aikata tun kafin a aza harsashi, a kuma rubuta kuɗin abincin kifi da gyaran famfo a kasafin kowace shekara. In ba za a iya ɗaukar wannan nauyi ba, a fara da ƙarami, tankuna goma sha wani abu a ɗaki ɗaya mai iska, a faɗaɗa in an ga hannu ya faɗa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Ruwan kansa yana da sharuɗɗansa. Tafkin yana cika yana ja, inda ka taka busasshiyar ƙasa a watan Afrilu jirgi ne ke wucewa a watan Satumba. Duk gini mai harsashi ya tsaya sama da iyakar cikar ruwa, abin da zai gangara ƙasa ya zama mai iyo ko mai ɗaukuwa. A nisanci jikin madatsar da tashar lantarki, wannan maganar tsaro ce. Mafi muhimmanci, ruwan nan shi muke sha. Otal ɗaya da ya saki bututun masai cikin tafki ya cuci dukan birnin Gombe. Kada a ba kowa izinin gini sai ya nuna inda ƙazantarsa za ta je, kuma a kafa wanda zai riƙa zuwa dubawa bayan an buɗe. Ledoji da robobin ruwa ma a yi musu tanadi tun ranar farko.

Tsargiya ta daɗe tana damun yaran da ke wanka a ruwan da ba ya gudu, har wasu iyaye sun ɗauka fitsarin jini alamar girma ce ga ɗa namiji. Ƙwayar cutar a jikin ƙananan dodon koɗi take girma, ta shiga ta fatar mai wanka. Kada a gayyato yaran birni su faɗa ruwan nan da sunan shaƙatawa. In ana son wurin iyo a gina kwamin wanka mai tsabtataccen ruwa, a kuma sa ƙaramin asibiti a cikin tsarin, wanda zai riƙa gwaji da raba magani ga yaran ƙauyukan gaɓa.

Sai dorinai. Manoman garin Hinna da ke kusa da Daɗin Kowa da maƙwabtansu sun sha kai kuka a kan yadda suke fitowa da dare su cinye shinkafa da masara, kuma sukan kifar da jirgi. Ga baƙo dorina abin kallo ce, ga mai gona kuwa asarar shekara ce. Adalci shi ne, idan za a karɓi kuɗin mutane a kai su kallon dorina daga nesa, wani kaso sananne na kuɗin ya shiga asusun biyan diyyar gonakin da ta ɓata, kuma manoman su kasance cikin masu riƙe asusun. Jiragen yawon su zama na 'yan gari, masu rajista, da adadin fasinja a rubuce a jiki, kowa da rigar kariya, ba tashi bayan magariba. Haɗurran jirgin ruwa da muke ji a Neja da Kebbi da Sakkwato kusan kullum dalilinsu ɗaya ne: lodi fiye da kima, tafiyar dare, babu riga.

Na san ƙasar ba a hannunka kaɗai take ba. Madatsar ta Tarayya ce, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama mai hedikwata a Yola, ko da yake Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa amanar filayen jiha ga gwamna. Dole a zauna da su a yi yarjejeniya a rubuce. Amma abin da ya fi ba ni tsoro na cikin gida ne. Ranar da labari ya fita cewa za a raya gaɓar nan, kafin wata ya zagayo masu hannu da shuni sun bi talakawa sun saye gonakin bakin ruwa a kuɗin goro, su zauna jiran diyya ko su kewaye da katanga. Tun da jihar nan tana da hukumar GOGIS mai kula da awo da rajistar filaye, a tura ta ta auna gaɓar, ta rubuta wanda ke amfani da kowane yanki a yau, da mashigai da mashayar dabbobi da burtali, kafin a sanar da komai, a kuma dakatar da cinikin fili a yankin har a gama. Rumfunan kasuwa a fara bai wa waɗanda sunansu ke cikin wannan rajista, musamman mata masu banda da suya, a kan hayar da za su iya biya. 'Yan kasuwa masu jari su zo su gina masauki da gidajen abinci da kuɗinsu, wannan ba aikin gwamnati ba ne, amma a ba su haya ta shekaru ƙayyadaddu, kuma hanyar da ke bin bakin ruwa ta zama ta kowa, kada wani ya sa mata ƙofa.

Wurin kuma ya dace da tarbiyyarmu, Musulmi da Kirista: masallaci da wurin alwala, makewayi na mata daban, fitilu, masu gadi, yadda magidanci zai kawo iyalinsa hankali kwance, mutanen gari kuma ba za su wayi gari su ga an kawo musu abin da za su ƙi ba. Hanyar Gombe zuwa Biu ita ce jijiyar duk wannan, ta Tarayya ce, sai an ci gaba da matsa lamba a kanta.

Abin da nake roƙo a yanzu ba ya bukatar kasafi. Kafin a kira mai zane ko a yi maganar kwangila, ka sa a kira zama a bakin ruwan, a ƙarshen damina lokacin da tafki ya cika maƙil, domin injiniyoyi su ga iyakar ruwa da idonsu. A gayyaci masarautun Yamaltu da Deba, da sarakunan ruwa, da shugabannin masunta, da mata masu banda, da ardo-ardo, da manoman rani, da jami'an hukumar kogi, da malaman jami'o'inmu biyu. A yi maganar da harshen da mutanen wurin ke ji, a rubuta abin da suka faɗa, a karanta musu shi kafin a tashi, sannan a buga shi kowa ya gani.

Allah ya taimake ka, ya yi maka jagora, ya zaunar da jiharmu lafiya.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta,
daga Ƙaramar Hukumar Yamaltu/Deba.